Shmuel Tamir, ɗan Irgun da ya ajiye bam ya ɗauki rigar lauya: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da hira ta kai kan tarihin Falasɗinu da kafuwar Isra'ila sunaye biyu uku mutane suka sani, Ben-Gurion, Begin, Golda Meir, shi ke nan. Amma akwai wani mutum da na daɗe ina bin labarinsa, don a rayuwarsa kaɗai za ka ga yadda rikicin cikin gida na Yahudawan kansu ya kasance, tun daga zamanin dasa bam har zuwa zauren kotu da majalisa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wai shi wane ne Shmuel Tamir ɗin nan?

Bayahude ne haifaffen birnin Ƙudus, an haife shi ranar 10 ga Maris 1923 lokacin Falasɗinu na hannun Turawan Birtaniya, ya mutu ranar 29 ga Yuni 1987. Sunan gidansu Katznelson, Tamir ɗin sunan ɓoye ne da ya riƙa amfani da shi a ƙungiyar sirri, daga baya ya bi shi har ya zama sunansa na takarda. Ya yi ɗan bindiga, ya yi zaman kurkuku a Afirka, ya zama lauyan da gwamnati ke shakkar haɗuwa da shi a kotu, ya yi ɗan majalisa, ƙarshe ya riƙe ministan shari'a daga 1977 zuwa 1980.

Kuma fa ba ɗan talakawa ba ne. Babarsa Batsheva Katznelson ta yi 'yar majalisar Knesset, gwaggonsa Rachel ita ce matar Zalman Shazar wanda ya zama shugaban ƙasa na uku, baffansa Avraham yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ayyana ƙasar a 1948. Wato gidan manya ne da ke kusa da masu mulki, shi kuma yaron sai ya bi ɓangaren da masu mulkin suka fi tsana.

Mece ce Irgun, kuma me ya yi a cikinta?

Irgun, ko Etzel kamar yadda su suke kiranta, ƙungiyar 'yan bindiga ce ta sirri da ta ɓalle daga babbar rundunar Yahudawa ta Haganah a 1931, masu ra'ayin riƙau ne da ke ganin lallaɓa Turawa ɓata lokaci ne, ƙasa sai da bakin bindiga. Tamir ya shige ta a 1938 yana ɗan shekara 15. Kuma dole a faɗi gaskiya a nan, a wannan shekarar ce Irgun ta riƙa dasa bama-bamai a kasuwannin Larabawa, na Haifa a watan Yuli ya kashe mutane da dama, masu cefane da masu tallan kayan miya waɗanda ba su ci ba ba su sha ba. Wannan ita ce ƙungiyar da ya zaɓa, kuma a lokacin da ya zaɓe ta ke nan.

Da Menachem Begin ya karɓi shugabancinta a ƙarshen 1943 sai ya shelanta tawaye ga Birtaniya a watan Fabrairun 1944, a cikin watan ne kuma aka kai hari ofisoshin haraji, Tamir ne ya jagoranci na Ƙudus. Zuwa 1946 ya kai mataimakin kwamandan yankin Ƙudus, yana kuma kula da leƙen asiri. A wannan shekarar, 22 ga Yuli, Irgun ta tarwatsa wani sashe na otal ɗin King David inda hedikwatar mulkin Turawa take, mutum 91 suka mutu, Larabawa ne suka fi yawa a ciki, sai Turawa da Yahudawa.

To ɗan ta'adda ne ko ɗan gwagwarmaya?

Turawan mulki ɗan ta'adda suka kira shi da shi da abokansa, shugabannin Yahudawan na ɓangaren Ben-Gurion ma haka suka ce, har ta kai a ƙarshen 1944 zuwa farkon 1945 'yan Haganah suka riƙa farautar 'yan Irgun suna miƙa su ga 'yan sandan Birtaniya. Su kuma suna ganin kansu masu korar ɗan mulkin mallaka. Ni dai a nawa ganin, kai wa ofishin haraji hari da dare abu ne daban, sa bam a kasuwa inda mata ke sayen tumatir abu ne daban, kuma ƙungiyar ta aikata duka biyun. Wanda ya riƙe muƙami a cikinta ba zai ce ba ruwansa ba. Bafalasɗinen da aka kashe wa kaka a kasuwar Haifa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan wane suna ya dace.

Abu ɗaya da ya kamata a riƙe shi ne wancan farauta da 'yan'uwansu suka yi musu. Wannan tabon bai taɓa warkewa a zuciyar 'yan Irgun ba, kuma in ba ka san shi ba, ba za ka gane zafin da Tamir ya shiga kotu da shi bayan shekara goma ba.

Yana da hannu a kisan Deir Yassin?

A'a. Kisan Deir Yassin ya faru ranar 9 ga Afrilu 1948, Irgun da Lehi, wata ƙungiyar 'yan bindigar Yahudawa, suka afka wa wannan ƙauyen Larabawa suka kashe mutum sama da ɗari, amma lokacin Tamir yana tsare a Kenya.

Me ya kai shi Kenya kuma?

Turawa ne suka kai shi. Tun Oktoban 1944 suka fara kwashe 'yan Irgun da Lehi da suka kama suna fitar da su daga ƙasar, kashin farko mutum 251, aka kai su sansanin Sembel kusa da Asmara a Eritiriya, daga nan aka mayar da su wani sansani cikin hamadar Sudan, aka sake dawo da su Eritiriya, sannan a 1947 aka kai su Gilgil a Kenya. Dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu, haka suka yi wa Sarkin Kano Alu bayan 1903 suka kai shi can Lakwaja har ya rasu, a raba mutum da jama'arsa a ga ko zai yi sanyi. Tamir a 1947 aka kai shi, kuma maimakon ya yi sanyi sai ya duƙufa karatun lauya a cikin sansanin, dokokin Turawan da suka ɗaure shi su ya zauna ya haddace. A watan Yulin 1948 aka dawo da su, lokacin an riga an kafa ƙasar wata biyu da suka wuce, mulki kuma yana hannun jam'iyyar Mapai ta Ben-Gurion, wato dai abokan gabarsu na da.

Wace shari'a ce ta fito da sunansa?

Shari'ar Kastner. Kafin ita ya kare wasu samari 'yan wata ƙungiyar sirri da aka tuhuma da kai hare-hare, har da sa bam a ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet a Tel Aviv a 1953, amma ta Kastner ce ta girgiza ƙasar.

Ga yadda abin yake. Rudolf Kastner lauya ne kuma ɗan jarida Bayahuden Hungari, ɗan garin Kluj, yana cikin shugabannin wani kwamitin agaji a Budapest lokacin da Jamus ta mamaye Hungari a watan Maris 1944. Daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuli na shekarar aka ɗura Yahudawa kusan 437,000 a jiragen ƙasa, mafi yawansu sansanin kisa na Auschwitz aka kai su aka kashe. A cikin wannan bala'in Kastner ya zauna ciniki da Adolf Eichmann, hafsan Nazi da ke kula da kwashe Yahudawan, da mutanensa, ya samu aka bar jirgi guda ya fita da mutum kusan 1,684, aka fara ajiye su a sansanin Bergen-Belsen, daga baya suka isa Suwizalan da ransu. A cikinsu akwai danginsa da mutanen garinsu 388. Bayan yaƙi ya koma Isra'ila ya shiga Mapai ya zama kakakin ma'aikatar ciniki da masana'antu.

Sai ga wani dattijo Malkiel Gruenwald, mai wani ɗan ƙaramin otal a Ƙudus, wanda ya rasa dangi da yawa a kisan, yana buga 'yar takarda yana rabawa da hannunsa, a 1952 ya rubuta cewa Kastner ya haɗa baki da 'yan Nazi. Tun da Kastner ma'aikacin gwamnati ne, sai antoni janar Haim Cohn ya shigar da ƙarar ɓata suna a madadinsa. Kowa ya ɗauka kwana biyu uku za a gama da tsohon. Lauyan da ya tsaya masa shi ne Tamir, yana ɗan shekara 30, aka fara zama a watan Janairun 1954 gaban alƙali Benjamin Halevi.

Ya aka yi wanda ake ƙara ya koma kamar shi ne mai ƙara?

Nan ne gwanintar Tamir ta fito, kuma nan ne abin da ke damuna da shi ma ya fito. Dokar ɓata suna ta ba wanda ake ƙara damar ya ce abin da na faɗa gaskiya ne, bari in nuna. Da wannan ƙofar ya shiga. Kastner ya zo a matsayin shaida, ya yi kwanaki yana ba da labarin ceton da ya yi cikin alfahari, sai Tamir ya miƙe ya fara titsiye shi kan wani hafsan rundunar SS ta 'yan Nazi mai suna Kurt Becher, wanda shi ne ke karɓar kuɗi da dukiyar Yahudawa a cinikin. Ya tambaye shi, ka ba da shaidar da ta taimaki Becher a Nuremberg, inda aka yi shari'ar 'yan Nazi bayan yaƙi? Kastner ya musa, bayan kuwa ya rantse. Tamir ya bi diddigin takardu har aka fito da takardar rantsuwar da Kastner ya sa wa hannu a 1947 yana yi wa Becher kyakkyawar shaida, kuma an saki Becher ba a gurfanar da shi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, daga wannan ranar duk abin da Kastner ya faɗa sai alƙali ya riƙa kallonsa da shakka.

Daga nan sai Tamir ya buɗe babbar tuhuma. Ya ce Kastner ya san abin da ake yi a Auschwitz, don rahoton wasu mutum biyu da suka tsere daga can a watan Afrilun 1944 ya iso hannunsa, amma bai gargaɗi jama'a ba, ya yi shiru don kada cinikin jirginsa ya lalace. Ya kawo waɗanda suka tsira daga Kluj suka tsaya a gaban kotu suna faɗin yadda aka tara su a wata masana'antar bulo, ana ta raɗe-raɗin wai wani wuri za a kai su aiki a cikin Hungari, suka hau jirgi da ƙullin kayansu ba gardama, alhali iyakar Romaniya ba nisa. Ya kawo mahaifiyar Hannah Szenes, yarinyar da aka sauke da lema don ta taimaki Yahudawa aka kama ta aka harbe ta a Budapest a Nuwamban 1944, uwar ta faɗi yadda ta yi ta zirga-zirga tana neman ganin Kastner bai ba ta fuska ba. Ka yi tunanin kotu cike da mutanen da kowannensu ya rasa uwa ko ɗa, ana wannan magana.

Amma Tamir ba Kastner kaɗai yake hari ba, bai ma ɓoye ba. So yake ya nuna cewa shugabannin Mapai gaba ɗaya haka halinsu yake, masu lallaɓa mai ƙarfi, sun lallaɓa Turawan Birtaniya a Falasɗinu, mutuminsu ya lallaɓa 'yan Nazi a Budapest, su kuwa 'yan Irgun su ne suka yi faɗa. Tsohon rikicin 1944 ne ya dawo da shi, wannan karon da rigar lauya.

Me alƙali ya yanke?

Ranar 22 ga Yuni 1955 Halevi ya karanta hukunci mai tsawon gaske, ya ce uku daga cikin zarge-zarge huɗu na Gruenwald sun tabbata, ɗaya ne kawai bai tabbata ba, na cewa Kastner ya raba ganima da Becher, a kan wannan ya ci tsohon tarar fam ɗaya tak. A cikin hukuncin ne ya faɗi maganar da ta bi Kastner har kabari, cewa ya sayar da ransa ga Shaiɗan. Gwamnatin Moshe Sharett ta ɗaukaka ƙara nan take, 'yan adawa suka kawo ƙuri'ar rashin amincewa, abokan haɗakarta suka ƙi mara mata baya, cikin mako guda gwamnatin ta yi murabus ana dab da zaɓe. Lauya matashi da tsoho mai raba takarda a titi sun jijjiga gwamnati.

Shi Kastner fa, ya ya ƙare?

Mummunan ƙarshe. Ya bar aikin gwamnati ya koma jaridar Hungariyanci da ake bugawa a Tel Aviv, mutane na gudunsa, ana tsangwamar 'yarsa a makaranta. A daren 3 ga Maris 1957 wayewar 4, ya dawo daga aiki ya tsaya da mota a ƙofar gidansa, wani saurayi Ze'ev Eckstein ya matso ya tambaye shi ko shi ne Kastner, ya ce e, saurayin ya harbe shi. Ya yi kwanaki yana jinya ya cika ranar 15 ga Maris. An ɗaure mutum uku rai da rai, amma a 1963 aka sake su.

Sai a watan Janairun 1958, wata goma bayan an binne shi, kotun ƙoli ta soke mafi yawan hukuncin Halevi da rinjayen alƙalai huɗu a kan ɗaya. Alƙali Shimon Agranat da ya rubuta babban hukuncin ya ce ba daidai ba ne a auna mutum da abin da aka sani bayan komai ya wuce, a duba abin da ya sani da abin da ya yi niyya a lokacin. Amma a kan maganar Becher duka biyar ɗin sun yarda Kastner ya taimaki mai laifin yaƙi ya kuɓuta.

Kenan Tamir ne ya jawo aka kashe shi?

Ba shi ya riƙe bindiga ba, kuma babu kotun da ta ɗora masa wannan. Aikin lauya ne ya kare wanda ya ɗauke shi, kuma tambayoyin da ya yi tambayoyi ne na gaske da babu wanda ya yi ƙarfin halin yi kafin shi, me shugabanni suka sani, yaushe suka sani, wa ya zaɓi waɗanda za su hau jirgi, me ya sa talaka bai ji labari ba. Waɗanda suka tsira sun yi shekara goma ba mai sauraronsu, a wannan kotun suka fara magana a bainar jama'a, shekara bakwai kafin shari'ar Eichmann ta 1961. Wannan ba ƙaramin abu ba ne kuma ina ba shi hakkinsa a kai.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne yadda ya mayar da mutum ɗaya tsani don ya kai ga abokan gabarsa na siyasa. Kastner mutum ne da ya samu kansa gaba kura baya sayaki, ba shi da soja ba shi da bindiga, yana zaune gaban Eichmann yana roƙo da ciniki da ƙarya don ya ciro ko mutum nawa ne, kuma mutum 1,684 ɗin nan rayuka ne na gaske da suka haifi 'ya'ya da jikoki. Ya yi kuskure, ya yi ƙarya a kan Becher, wataƙila shirun da ya yi ya cutar da dubbai. Amma a ɗauki laifin waɗanda suka gina ɗakunan gas a ɗora wa Bayahuden da ya yi ƙoƙarin ceto, wallahi wannan nauyin ya fi ƙarfin wuyan ɗan Adam, kuma Tamir mai kaifin basira ne, ya san irin wutar da yake hurawa a cikin mutanen da ciwonsu bai warke ba.

Akwai wata shari'ar tasa da ta yi fice ban da wannan?

Akwai ta Amos, ɗan Ben-Gurion, wanda babban jami'in 'yan sanda ne. Wata ƙungiyar matasa masu yaƙi da cin hanci ta zarge shi da amfani da muƙami don taimakon abokai, ya kai su kotu kan ɓata suna, Tamir ya tsaya musu. Sun faɗi a kotun farko, amma a kotun ƙoli lamarin ya juya, har ta kai aka samu shugaban 'yan sandan ƙasar na lokacin, Yehezkel Sahar, da laifin shaidar zur. Salon dai ɗaya ne, a kawo ƙarar ɓata suna, shi kuma ya juya ta ta koma binciken masu mulki.

Ya siyasarsa ta kasance? Na ji an ce ya yi faɗa da Begin

Ya yi, ba sau ɗaya ba. Yana cikin Herut, jam'iyyar da 'yan Irgun suka kafa a 1948, ya fita a 1952, ya dawo a 1964, ya shiga majalisa a 1965. A babban taron jam'iyya na 1966 ya fito ƙarara ya ƙalubalanci Begin, wanda ya sha faɗuwa zaɓe amma magoya baya na yi masa kallon kwamanda da ba a ja da shi. A taron ne wani ɗalibi matashi Ehud Olmert, wanda daga baya ya zama firaminista, ya miƙe ya ce Begin ya sauka. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, aka dakatar da Tamir, a 1967 ya fita da 'yan majalisa biyu suka kafa tasu ƙaramar jam'iyyar, wadda kujera biyu kawai ta samu a zaɓen 1969. Ya shiga haɗakar jam'iyyu ta Likud da Begin ke jagoranta a 1973, ya sake fita, ya koma sabuwar jam'iyyar Dash ta Yigael Yadin da ta ci kujera 15 a 1977, da ita ya shiga gwamnatin Begin ɗin dai ya zama ministan shari'a. Alƙali Halevi ma ya bar alƙalanci ya shiga siyasa, shi ma a Dash ɗin ya ci kujera a 1977.

Mene ne matsayinsa kan ƙasar Falasɗinawa da aka mamaye?

Bayan yaƙin 1967 yana cikin masu tsauri, taken ƙaramar jam'iyyar da ya kafa shi ne yankin da aka 'yanto ba za a mayar ba, kuma kalmar 'yantowa a nan tana nufin ƙasar mutane da aka ƙwace da yaƙi, da garuruwansu da gonakin zaitun ɗinsu. Daga baya ya sassauta, yana cikin gwamnatin da ta sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya da Masar a watan Maris 1979 wadda ta mayar da Sina'i. Amma dai gwamnatin nan ce ta faɗaɗa matsugunan Yahudawa a Yammacin Kogin Jodan, yana zaune a cikinta yana riƙe da ma'aikatar shari'a har ya sauka a watan Agustan 1980.

Me ya yi a ƙarshen rayuwarsa?

Cinikin fursunoni. Bayan Isra'ila ta shiga Labanan a 1982 an kama mata sojoji, aka ɗora wa Tamir jagorancin tattaunawar karɓo su. A Nuwamban 1983 aka karɓo soja shida daga hannun ƙungiyar Falasɗinawa ta Fatah aka saki fursunoni sama da dubu huɗu, yawancinsu daga sansanin Ansar na kudancin Labanan. Sai kuma wadda ta fi tayar da ƙura, a watan Mayun 1985, da ƙungiyar Falasɗinawa ta Ahmad Jibril, soja uku a bakin fursunoni 1,150. Mutumin da ya tsaya a kotu ya ce zama ciniki da abokin gaba kan rayuka cin amana ne, shi ne yanzu yake lissafin suna nawa za a ba da don a karɓo yara uku, iyayensu na jiransa a bakin ƙofa. Halin ba ɗaya ba ne da na Budapest, shi yana da ƙasa da soja a bayansa, amma ya ɗanɗana nauyin riƙe takardar sunaye, kuma cinikin ya sha suka mai zafi a gida kan cewa an ba da da yawa.

Cikin waɗanda aka saka a 1985 akwai Sheikh Ahmad Yasin. Tamir ya mutu a ƙarshen Yunin 1987 yana da shekara 64, bayan wata biyar da 'yan kwanaki intifada ta farko, wato boren Falasɗinawa, ta ɓarke a Gaza, a watan Disamban nan kuma Sheikh Yasin da abokansa suka kafa Hamas.